Bambancin error da ALARM a ƙaramin injin sassaƙa na CNC

A Samaru da Sabon Gari yanzu kana iya iske matashi da ƙaramin injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, samfurin 3018, a kan teburi, yana fitar da dagin Arewa a jikin katako. Galibin irin waɗannan injuna GRBL ke tuƙa su, manhajar da aka rubuta domin Arduino, wani ɗan allon lantarki da ke zama ƙwaƙwalwar injin. Kukan da na fi ji kuwa shi ne, "Malam, inji ya ƙi." To, ƙin nasa iri biyu ne, kuma shi da kansa yake faɗin wanne.

In ya rubuta error da lamba, da rubutunka yake. G-kod ɗin da ka tura masa, wato umarnin je nan, sauka can, akwai layin da bai karɓa ba. error:20 na nufin bai san umarnin ba; sau da yawa M6 ne, na canza bakin sassaƙa, wanda GRBL ba ya yi. error:22, ka ce ya yanka amma ba ka ba shi gudu ba, babu F, harafin da ake rubuta gudun yanka da shi. error:33 ya fi wahalar da mutane: a layin lanƙwasa, G2 ko G3, inda ka ce ya ƙare bai dace da tsakiyar da'irar ba. Duk waɗannan a kwamfuta ake gyara su, yawanci ta sake fitar da fayil da saitin GRBL. Kada ka taɓa sukundireba.

ALARM kuwa maganar jiki ce, kuma nan nake so a natsu. ALARM:2 da sauƙi: aikin zai wuce iyakar teburin da ka saita masa, sai ya tsaya. Duba ko ka bar G20, ma'aunin inci, a wurin G21 na milimita, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne. Amma ALARM:1 na nufin an taɓa makunnin iyaka, wato ɗan makunnin da ke ƙarshen hanyar da inji ke bi, inji ya tsaya cak yana cikin gudu, kuma mai yiwuwa ya manta inda yake. Wani lokaci ma bai kai ƙarshe ba, wayar makunnin ce ta kwanta kusa da ta motar da ke juya baki, ta kwashi hayaniyar lantarki. Raba su, ka kuma busa garin katakon da ƙurar hunturu ta haɗu da shi a makunnin.

Yana cikin wannan hali, duk G-kod da ka tura sai ya amsa da error:9, wato a kulle yake. Abin da ke min ciwo shi ne ganin yaro ya buga $X ya buɗe, ya ci gaba da aiki, bakin ya nutse a inda ba nan ba, katakon da ya sayo da kuɗin guminsa ya tashi a banza. Bayan ALARM:1, reset ake fara yi, sai a buga $H, inji ya koma gida, wato kusurwar da yake fara awo daga ita, ya gane kansa, sannan ka duba sifilinka, wato wurin da ka saita a matsayin mafarin aiki, kafin ka kunna mota.