Kafin a ɗora hoton yaro a intanet, a ji ta bakinsa

A 'yan shekarun nan, mu ma'aikatan lafiya da ke zagaya makarantun sakandare don tattaunawa da ɗalibai mun fara jin wani ƙorafi da a da ba mu saba ji ba. Bayan an gama maganar tsafta da jinin al'ada da illar shaye-shaye, sai wani ɗalibi ya tsaya har sauran su watse, sannan ya ce shi abin da ke damunsa wayar mahaifiyarsa ce ko ta mahaifinsa. Tun ranar suna ake ɗaukarsa hoto ana ɗorawa a Facebook, daga baya aka koma WhatsApp da Instagram da TikTok, ta yadda duk mai so zai iya bin rayuwarsa daki-daki: ranar da aka yaye shi, ranar da aka yi masa kaciya, da ranar da ya yi birgima a ƙasa yana kuka don an hana shi alewa.

Yawancin iyaye ba da mugun nufi suke yin haka ba. Ƙauna ce da alfahari, da son 'yan'uwan da ke Yamai ko Kumasi ko Makka su ga yadda yaro ke girma. Sai dai yaron da yake da shekara 3 lokacin da aka ɗauki bidiyon bai san abin da ake ciki ba, yayin da mai shekara 14 ya kai matakin da maganar sa'o'insa ta fi komai nauyi a zuciyarsa, kuma abin da ya ba manya dariya a falo shi ne ake yi masa ba'a da shi a aji.

Inda abin ya fi shafar aikinmu shi ne batun rashin lafiya. Akwai wata ɗaliba mai cutar sikila da mahaifiyarta ta ɗauke ta bidiyo a gadon asibiti, ana yi mata ƙarin ruwa, kanta ba ɗankwali, tana kukan ciwon ƙashi, sannan ta ɗora tana neman addu'ar jama'a. Addu'a kam an yi, amma bidiyon ya isa wayoyin 'yan ajinsu, suka daina kiran ta da sunanta sai da sunan cutar. Daga nan yarinyar ta daina shan maganinta a makaranta don kada a gani, ta kuma fara ɓoye ciwo a gida idan ya taso, har sai ya kayar da ita. Da na zauna da ita, abin da ta ce mini shi ne: "Malama, ni ban ƙi addu'a ba, amma ciwon nawa ne, kuma Umma ba ta tambaye ni ba. Don Allah ki yi mata magana, ni ba zan iya ba."

Wannan ɓoyon shi ne babban haɗarin. Mai sikila yana buƙatar a san ciwonsa da wuri, a ba shi ruwa isasshe da maganin rage zafi, a garzaya da shi asibiti idan zazzaɓi ya shiga, domin jinkirin 'yan sa'o'i kan mayar da ƙaramin ciwo babba. Yaron da ya fahimci cewa duk abin da ya faɗa wa iyayensa zai iya zama labarin duniya gobe, zai koyi yin shiru, kuma ba a kan ciwo kaɗai ba: zai yi shiru idan ana cin zalinsa, zai yi shiru idan wani babba ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba. Haka abin yake ga mai fitsarin kwance da mai farfaɗiya da mai fama da damuwa. A al'ummar da ake bincike kafin aure, bidiyon da aka ɗora yarinya tana da shekara 9 yana iya tasowa ranar da aka zo neman aurenta. Wasu iyaye kan ce ai a sitatus na WhatsApp suka sa, bayan awa 24 zai ɓace, suna mantawa cewa wanda ya gani yana iya adana shi ya tura wa wani, kuma daga nan ba mai iya janye shi.

Akwai kuma batun tsaro. Hoton yaro cikin kayan makaranta, da bajen makarantar a ƙirjinsa, da ƙofar gida a bayansa, da rubutun cewa yanzu zai wuce Islamiyya, ya gama gaya wa baƙo inda yaron yake da lokacin da yake fita, a zamanin da garkuwa da mutane ta addabi yankinmu. Hoton yaro tsirara a bahon wanka kuwa, wanda uwa ke gani abin sha'awa ne, akwai miyagun da ke tattara irinsa.

Abin mamaki, kakanninmu ko sunan ɗan fari ba sa iya furtawa saboda alkunya, kuma suna ɓoye jariri daga idon jama'a don gudun kambun baka. Ba cewa nake a koma can ba, amma nisan da aka yi cikin ƙanƙanin lokaci ya isa a tsaya a duba.

Doka ma tana gefen yaron. Sashe na 16 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya kare sirrin yaro da mutuncinsa, haka ma sashe na 8 na Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003, wadda ta ba iyaye ikon sa ido da tarbiyya ba tare da ta soke wannan haƙƙi ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa kamfanoni neman izinin iyaye kafin su yi amfani da bayanan yaro, wato iyaye ta ɗauka masu gadi. A Faransa kuwa, dokar da aka yi a Fabrairun 2024 ta sanya kare hoton yaro cikin nauyin da ke kan iyaye, ta ce a riƙa shawara da shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, ta kuma ba alƙali damar hana uwa ko uba yaɗa hoton idan ɗayan bai yarda ba.

Abin da matasan ke nema ba shi da yawa. Yaron da ya fara wayo a nuna masa hoton kafin a ɗora, idan ya ce a'a a bari, ko da uwa na ganin ba komai a ciki. Mai shekara goma sha wani abu a zauna da shi a duba tsofaffin hotuna, a goge waɗanda ya nuna, ba tare da an ce masa ya cika iyayi ba. Hotunan da ake son dangi su gani a tura musu kai tsaye, a kuma roƙe su kada su yaɗa. Idan kuma larura ta sa dole a nemi taimakon kuɗin magani, kamar na tiyata ko wankin ƙoda, ana iya yin haka ba tare da nuna fuskar yaron ko tsiraicinsa ko cikakken sunansa ba, a bar masu son tabbatarwa su tuntuɓi iyaye, su kuma iyaye su haɗa su da sashen walwala na asibitin da yaron ke kwance.