Shin Fasto Kaɗai Aka Ɗora wa Kula da Ikilisiya?

An daɗe ana ɗauka cewa kula da ikilisiya aikin mutum ɗaya ne, wato fasto, dattawa kuwa nasu zaman taro ne da sa hannu a takarda. Masu wannan fahimta ba su da laifi, abin da da yawa suka taso suka tarar ke nan.

Amma Sabon Alkawari ya nuna wani tsari dabam. A Ayyukan Manzanni 14:23, Bulus da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ikilisiya. A 20:17, daga Militus Bulus ya aika a kira dattawan ikilisiyar Afisa, sannan a aya ta 28 ya danƙa musu, su duka, kiwon garken, wato ikilisiyar. Titus ma an bar shi a Karita don ya naɗa dattawa a kowane gari (Titus 1:5). Yakubu 5:14 kuwa ya umurci mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a.

Wannan bai rage darajar fasto ba. 1 Timoti 5:17 ta ware girma na musamman ga dattawan da ke fama da wa'azi da koyarwa. A ganina, barin mutum ɗaya da ziyarar marasa lafiya, sasanta ma'aurata da ta'aziyya rashin tausayi ne gare shi, wasu mabukata kuma sai su sulluɓe ba a lura ba.

Ku buɗe ayoyin nan da kanku, ku karanta surar gaba ɗaya, ku duba ko mutum ɗaya ake nufi ko jama'a. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.