Lafiyar Kare da Kyanwa: Tambayoyin da Masu Kiwo Suka Fi Yi

Kare ba ya buɗe baki ya ce cikinsa na ciwo. Kyanwa ma ta fi shi ɓoyewa, sai ta lafe a lungu ta yi shiru har ciwo ya ci ƙarfinta. Shi ya sa dabbobi da yawa ke isa gaban likita a makare, alhali alamu sun daɗe da bayyana.

Ta yaya zan gane dabbata ba ta da lafiya tun abin bai yi nisa ba?

Ka san yadda take idan tana lafiya, shi ne matakin farko. Ɗaga leɓen karenka ka dubi dasashinsa. Na mai lafiya jaja-jaja ne da danshi. Danna shi da yatsa, zai yi fari, jan ya dawo kafin daƙiƙa 2. Idan ka ga ya koɗe fari fat, jini ya yi ƙasa. Idan ya yi ruwan ɗorawa, akwai matsalar hanta ko jini. Sai ka ɗan ja fatar ƙeyarsa ka saki. In ta koma nan take, da ruwa a jikinsa. In ta tsaya a tsuke tana komawa a hankali, ruwan jiki ya ragu.

Zafin jikin kare da kyanwa tsakanin digiri 38 da 39.2 yake, ya fi na mutum, don haka ɗumin da ka ji da hannu ba lallai zazzaɓi ba ne. Busasshen hanci ma ba hujja ba ne, duk da yadda mutane suka riƙe maganar. Abin dubawa shi ne cin abinci, shan ruwa, kashi, fitsari da kuzari. Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba, a kai ta asibiti, musamman mai ƙiba, domin kitse kan taru a hantarta.

Kwikwiyona yana amai da gudawa mai jini. Mene ne wannan?

In bai kai wata 6 ba kuma ba a gama masa rigakafi ba, abin da ake fara zargi shi ne cutar fabo. A 1978 aka gano ta a karnuka, kuma cikin ɗan lokaci ta karaɗe duniya. Ƙwayar tana cinye bangon hanji, ta kuma karya garkuwar jiki. Kwikwiyon da jiya yake cizon takalmi, yau sai ka same shi kwance, kai a ƙasa, ko kallon kwano ba ya yi. Sai amai, sai gudawa mai wani irin ƙarni wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa.

Abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne da ƙwayoyin cuta da ke tsallakawa daga hanji zuwa jini. Babu allurar da ke kashe ƙwayar fabon kanta kai tsaye a yawancin asibitoci. Ƙarin ruwa ake yi, da maganin tsayar da amai, da na kashe ƙwayoyin bakteriya, har jiki ya farfaɗo. Wanda aka kai da wuri yana da kyakkyawar damar tashi. Wanda aka ce bari a gani zuwa gobe, sau da yawa goben ba ta same shi ba.

Ƙwayar fabo na iya yin watanni a ƙasa da ranta, kuma sabulu ba ya kashe ta, sai bilic. Kada a yi gaggawar kawo sabon kwikwiyo inda wani ya mutu da ita.

To yaushe ake fara rigakafi?

Daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a maimaita kowane mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar da ya tsotsa a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ba a san ranar da za ta gushe ba. Allura ɗaya ba ta isa ba. Ta kare tana haɗa fabo da distemfa, mai sa kwantsa da majina da tari da fizge-fizgen jiki, da kuma ciwon hanta. Ta kyanwa tana kare ta daga murar kyanwa da wata cutar hanji 'yar uwar fabo. Ta haukan kare ana yin ta daga mako 12, ga kare da kyanwa duka.

Kare ya ciji yaro, amma raunin ƙarami ne. Dole sai an je asibiti?

Dole ne. A nan ba na sassauta magana ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar tana cikin yawu. Ta shiga rauni, ta bi jijiyoyi a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki makonni ko watanni. Rauni ya warke, kowa ya manta, sannan alamu su fito. Da zarar sun fito, kusan babu wanda ke tashi.

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana tsawon minti 15, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Daga nan a wuce asibiti a ranar don fara allurai. Rigakafin nan ya samo asali ne daga aikin Louis Pasteur a Faransa, wanda ya yi wa wani yaro shi a 1885 ya tsira. Yakushin kyanwa ma abin kaiwa asibiti ne. Idan an san dabbar, a killace ta kwana 10 ana lura da ita, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke haushi da cizo ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi a sake, yawu na dalala, har mai shi ya sa hannu a bakinsa yana neman ƙashin da ya maƙale. Kada a yi haka.

Zan iya ba su farasitamol idan sun yi zazzaɓi?

A'a. Ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da isasshen sinadarin narkar da shi. Sai fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Ibufurofen kuma yana huda cikin kare ya lalata ƙoda. Abin da ya fi taɓa min rai shi ne masu yin haka tausayi ne ke sa su. Haka maganin kaskar kare mai sinadarin fametirin, guba ne ga kyanwa. Albasa, tafarnuwa, cakulan da inabi su ma a nisanta su.

Tsutsar ciki da kaska fa?

Kwikwiyo kan ɗauko tsutsa tun daga cikin uwa, shi ya sa za ka gan shi da ƙaton ciki da busasshen gashi. Ana fara ba shi magani daga mako 2, kowane mako 2 har mako 12, sannan wata-wata zuwa wata 6, daga nan kowane wata 3. In ka ga abu kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya, tsutsa ce mai faɗi da ake samu ta haɗiye ƙuma, don haka sai an yaƙi ƙumar ma. Kaska kuwa ba jini kaɗai take sha ba, tana zuba cututtukan da ke kawo zazzaɓi, ƙarancin jini da fitsari mai duhu. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Mai ƙazuwa kada a shafa masa baƙin mai ko kananzir, ƙona fata suke yi kuma zai lasa.

Madara tana da kyau ga kyanwa?

Yawancinsu in sun girma ba sa narkar da ita, gudawa take sa su. Ruwa mai tsafta ya ishe su.

Muzuruna yana yawan tsugunawa amma fitsari ba ya fita. Ko taurin kashi ne?

Da yawa haka suke zato, su jira. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, tsakuwa ko majina kaɗan ta isa ta toshe ta. Za ka ga yana zuwa wurin bayan gida ya dawo, ya sake komawa, yana yunƙuri yana kuka, yana lasar gabansa, wani lokaci ɗigo biyu masu jini su fito. Mafitsara ta cika ta yi tauri, guba ta taru a jini, zuciya ta fara rikicewa. Cikin kwana 2 zuwa 3 zai iya mutuwa. Kada ka matsa cikinsa, mafitsarar na iya fashewa. Ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi a lokacin, ko da tsakar dare ne, a sa masa roba a buɗe hanyar.