Masu hawa tudu da rediyo: me doka ta ce a kansu?

Kwana uku ke nan wani hoto na yawo a wayoyin mutanen Sakkwato: samari biyu zaune a kan tudu can wajen Dange, sun kafa wata doguwar sanda kamar ta kamun kifi, waya ta rataya a jikinta, ga ƙaramar na'ura da batir a kan tabarma. An rubuta a ƙasa wai infoma ne, wai doka ta ce duk wanda aka kama da irin na'urar nan ɗan ta'adda ne. Ɗaya daga cikin yaran ɗan maƙwabcina ne, tun yana firamare yake kawo mini rediyon babansa mu kwance tare. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Abin da suke yi sunansa rediyon sha'awa. Mutum ne ke haɗa ƙaramar tasharsa, ya yi magana da wani mai irin sha'awarsa a Kano ko Italiya, ba don kuɗi ba. Hawa tudun kuwa dalilinsa a fili yake: gwargwadon tsayin eriya, gwargwadon nisan da murya ke kaiwa, kuma an yi nesa da ƙarar janareto da ke cika na'ura da shuu. A Ingila ma tun 2002 aka mai da abin kamar gasa mai suna SOTA, inda ake hawa da ƙafa, a yi aiki da batir, a samu aƙalla mutum 4 da suka amsa kafin a ba ka maki.

To, ina doka ta tsaya? Tsohuwar dokar sadarwa ba tare da waya ba ta 1961, wadda har yau tana aiki, ta hana kowa kafa tashar aika saƙo ta iska ko amfani da ita sai da lasisi. Ba ta ce komai kan tudu ko kwari ba. Mai lasisi a ƙololuwar dutse yana kan doka, marar lasisi kuma ya karya ta ko da a ƙuryar ɗakinsa yake. Wannan ya shafi ɗan sha'awa, ya shafi kamfanin gadi, ya shafi 'yan sa-kai masu oba-oba a ƙugu.

Lasisin kuma na gwamnatin tarayya ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa rabon zangon rediyo cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka takardar hakimi ko ta shugaban ƙaramar hukuma ba ta zama lasisi, komai girman hatiminta. NCC na kula da kamfanonin waya, NBC na kula da gidajen rediyo da talabijin, masu amfani da zango ba don kasuwanci ba kuma, irin su 'yan sha'awa, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ce tasu. Wanda ya samu ana ba shi lambar kira da ke farawa da 5N, alamar Najeriya ke nan a duniya. Ta Nijar 5U ce, kuma lasisinka na nan ba ya tsallaka Illela ya shiga Ƙonni da kai.

Batun hukunci ne aka fi cakuɗawa, an haɗa dokoki biyu a tukunya guda. Sashe na 31 na dokar sadarwa ta 2003 ya ce wanda ya gudanar da na'urar sadarwa ba lasisi, idan kotu ta same shi da laifi, za a ci shi tarar da ba ta gaza kuɗin lasisin ba, ba ta kuma wuce ninkinsa 10 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka biyun, sannan a ƙwace kayan. A lura, kotu ce ke yanke wannan. Dokar ba ta ba wani gungun jama'a ikon dukan mutum ko fasa masa kaya a gindin tudu ba.

Ɗaurin shekara 20 da ake ta ambata daga wata doka daban ya fito, ta yaƙi da ta'addanci ta 2022, kuma kan taimaka wa 'yan ta'adda take magana, kamar kai musu bayani ko kaya. Tun Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, saboda haka infoma na gaskiya ya faɗa cikinta, ko da rediyo ya kai rahoton, ko da wayar salula, ko da baki a kasuwar ƙauye. Aikin ake hukuntawa, kuma sai an kawo hujja.

Ban ga laifin masu tsoro ba. Wanda ya ga Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, ya san sadarwa makami ce a hannun mutanen daji. Sai dai a duba yadda ɗan sha'awa ke aiki. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta wajabta masa faɗin lambar kiransa a kai a kai, ta kuma hana shi ɓoye ma'anar zancensa idan yana magana da wata ƙasa. Duk mai rediyon da ya kama zangon zai ji shi. Ɓarawon da ke shelar sunansa bayan kowace 'yar magana, ai ba a yi shi ba tukuna.

Inda nake jin dokar ta yi wa talaka tarko shi ne kasuwa. Oba-oba ƙirar Baofeng tana nan zube a shagunan kayan wuta, ba mai tambayarka takarda, ba kuma mai gaya maka cewa latsa maɓallin magana ba tare da lasisi ba laifi ne. Irin UV-5R tana aikawa daga megahaz 136 zuwa 174, alhali rabon 'yan sha'awa a wannan sashe 144 zuwa 146 ne kawai. Yaro na murɗawa cikin wasa sai ya faɗa kan layin wata hukuma. Mai shago ya ci ribarsa ya kwana lafiya, mai saye shi ne a hannu. Ga lasisin kuma ba a san ƙofar nemansa ba a nan, galibi sai mutum ya bi ta ƙungiyar 'yan sha'awa ta ƙasa, NARS, ta nuna masa hanya.

Su ma masu lasisin ina da magana da su. Takardar ta ba ku iska, ba ta ba ku gonar kowa ba. Ku karanta sharuɗɗanta, idan adireshin gida kaɗai ta ambata, ku nemi a fayyace muku fita da na'ura a rubuce. Ku nisanci barikin Giginya da filin jirgin Sultan Abubakar na Uku, ku bar yankunan gabas da ba su da lafiya a yanzu. Kafin hawa, a tsaya wurin mai gari a gaisa, a leƙa ofishin 'yan sanda mafi kusa da kwafin lasisi a hannu.

Wannan gaisuwar ce yaran nan suka tsallake, duk da babban cikinsu na da lasisinsa. Na tambayi ɗan maƙwabcin nawa yadda suka rabu da mutanen da suka taru. Ya ce wani dattijo ne ya matso da sandarsa, ya ce, "Ku samari, mi kuka yi nan da wanga abu?" Suka nuna masa takarda, suka ƙara muryar na'urar, sai ga wani Bature yana maimaita lambarsu harafi-harafi. Dattijon ya saurara, ya ce to su sauko su gaida mai gari tukuna, kuma su naɗe wayar da kyau kada awaki su sarƙe.