Shanyewar ɓarin jiki a yaran sikila: ana iya hango ta tun kafin ta zo

Wata safiya a ɗakin duba yara, wata uwa ta shigo da ɗanta mai shekara bakwai a goye kamar jariri. Ta ce shekaranjiya yana shan koko kofin ya suɓuce masa, ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin azahar baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. An yi hayaƙi, an shafa masa magunguna, domin kowa a gidan ya ce iska ce ta buge shi. Na ce, "Baiwar Allah, yana da sikila?" Ta ce e, tun yana rarrafe. Amma ba ta taɓa jin cewa sikila tana shanye ɓarin jikin yaro ba. Ban ga laifinta ba, domin mu ma'aikatan lafiya mun fi yi wa iyaye bayanin ciwon ƙashi da ƙarancin jini, wannan ɓangaren kuwa ba mu cika tsayawa a kansa ba.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su riƙa goga bangon jijiya. A hankali manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sai su tsuke. Ranar da ɗaya ta toshe, ɓangaren ƙwaƙwalwar da take ciyarwa sai ya lalace, hannu ko ƙafa ko magana su tafi. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila nau'in SS yakan gamu da wannan kafin ya kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba, kuma haɗarin ya fi yawa tsakanin shekara biyu zuwa tara. A Najeriya kuwa ana kiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Jijiyar ba ta toshewa dare ɗaya, tana ba da alama. Kun san yadda ruwa ke ƙara gudu idan aka matse bakin tiyo. Haka jini yake yi a jijiyar da ta tsuke, kuma akwai na'urar da ke auna gudun nasa. Likitoci suna kiran gwajin TCD. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan mai mai sanyi a gefen kai kusa da kunne, a ɗora kan na'urar, sai ka ji ƙarar jinin tana fita fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri. Ba allura, ba yanka, ba a sa shi barci. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaron yana bakin haɗari ko da kuwa ras yake yana wasan ƙwallo. Ana so a yi gwajin sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16.

Tun 1998 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da sama da kashi 90 cikin ɗari. To amma duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare a garuruwanmu ya san abin da ake nufi da a ce wa talaka ya kawo ɗansa ƙarin jini kowane wata, shekara da shekaru. Ga kuɗi, ga neman wanda zai bayar, ga ƙarfen jini da ke taruwa a jiki har ya buƙaci nasa maganin.

Shi ya sa binciken da aka yi a nan gida ya faranta mini rai. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Aka ba su maganin Hydroxyurea, kafso ne da ake sha kullum: rabinsu awo kaɗan, rabinsu awo matsakaici, gwargwadon nauyin kowane yaro. Sakamakon ya fito a 2022. Bayan bibiyar sama da shekara biyu, yara takwas ne suka samu shanyewar jiki cikin 220. Irin waɗannan yara idan aka bar su ba magani, kusan ɗaya cikin goma ne ke faɗawa duk shekara. Awon kaɗan ma ya yi aikin kariyar, sai dai masu shan matsakaicin sun fi samun sauƙin kwanciya asibiti. 'Ya'yanmu ne, masu cin tuwo da kwana cikin sauro irin namu, ba labarin wata ƙasa ba.

Yadda maganin ke aiki ma yana da ban sha'awa. Kun lura jariri mai sikila ba ya nuna ciwo sai ya kai kamar wata shida? Domin yana zuwa duniya da wani nau'in jini na cikin mahaifa wanda ba ya lanƙwashewa, daga baya ya ragu. Hydroxyurea yana sa jiki ya ci gaba da yin wannan jini. A wani binciken da aka wallafa a 2019, kan yara kusan 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, an ga ciwon ƙashi ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi, abin da da farko aka ji tsoron zai ƙaru.

Wasu iyaye suna tambayata labarin maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Gaskiya ne yana nan, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu. Abin da ke hannunmu yau shi ne gwajin da kafson.

Sai dai ina roƙonku, kada wanda ya je kemis ya saya don ya ji ana yabonsa. Likita ne zai auna yaro ya yanka masa awo, kuma sai ana duba jininsa lokaci-lokaci, domin maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini. Yakan ɗauki watanni kafin a ga amfaninsa, don haka kada a daina saboda an sha mako uku ba a ga canji ba. Farce kan ɗan yi duhu, wannan ba abin tsoro ba ne. Kuma bai ɗauke sauran kulawa ba: alluran rigakafi, fenisilin har zuwa shekara biyar, gidan sauro, shan ruwa da yawa, rigar sanyi a lokacin hunturu, da garzayawa asibiti da zarar jiki ya yi zafi.

Idan kuwa kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko yaro ya fara jan ƙafa, ko da na 'yan mintuna ne ya warware, a yi addu'ar a kan hanya, a kai shi asibiti nan take, domin ƙarin jini cikin awannin farko yana rage ɓarnar. Ranar da kuka koma asibitin sikila kuma, ku buɗe baki ku tambayi likita: "An taɓa yi wa yaron nan gwajin jijiyar kai?" Idan babu na'urar a wurin, ku nemi takardar turawa zuwa inda take.