Gyaran takardun tsohon soja da neman mindarsa: tambayoyi da amsoshi

A zangunan Akra, daga Nima da Mamobi har Sabon Zango, da wuya ka shiga layi ka rasa gidan da ke da labarin kakan da ya je yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu), ko uban da ya je Kwango ko Labanon. Ba abin mamaki ba ne, domin da Hausa ake ba da umarni a rundunar Gwalkwas (Gana ta yanzu) ta zamanin Turawa, kirarinta ma "Kullum Shiri" ne. Rigima tana tashi ne ranar da 'ya'ya ko jikoki suka ɗauko takardu za su nemi wani haƙƙi, sai su tarar abin da ke rubuce ya saɓa da abin da aka sani a gida. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Malam, sunan kakanmu a takardar sallama daban yake da wanda muka san shi da shi. Kuskure ne?

Sau da yawa ba kuskure ba ne, haka aka ɗauke shi aiki. Saurayi ya tsaya gaban akawun bariki, a tambaye shi suna ya ce Musa, a tambaye shi daga ina ya ce Kano, shi ke nan ya zama Musa Kano har ya bar soja. Wani kuma ƙabilarsa ake liƙa masa: Moshi, Dagarti, Kanjarga, Fulani, Bazabarimi. Sunan uba bai dami akawu ba. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a cikin sojojin Ingila a yaƙin duniya na farko, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, da sunan ƙabila tarihi ya riƙe shi. Shekaru kuwa, kallon mutum ake yi a ƙiyasta.

To a bataliya ɗaya ana iya samun Musa Kano fiye da ɗaya. Abin da ke raba su shi ne lambar soja. Ita ce ke kan takardar sallama da littafin albashi, kuma da ita ake neman fayil. Na Gwalkwas a yaƙin duniya na biyu za ku ga haruffan GC a gabanta. In kuna da wannan lamba, rabin aikin ya ƙare. In babu, ku zazzage akwatin tsoho da jakar takardunsa, ku duba bayan hotuna da tsofaffin wasiƙu kafin ku taka ƙofar kowane ofis.

Kenan sai mu nemi a canza sunan ya dace da na katin ɗan ƙasa?

Ni dai ba na ba da wannan shawara. Tsohon fayil shaida ce ta abin da aka rubuta a wancan lokaci, kuma duk sauran takardun runduna da wannan sunan suka san shi. Kuka sa aka taɓa shi, kun yanke igiyar da ta haɗa shi da su. Abin da ya fi shi ne takardar rantsuwa a ƙarƙashin dokar 1971, wadda ake yi a gaban kwamishinan rantsuwa, a bayyana cewa Musa Kano mai lamba kaza shi ne Musa ɗan wane na gida kaza. A haɗa da shaidar dattijon da ya san shi, ko wasiƙar sarkin zango ko limami. Ita wasiƙar sarki ba ta gyara fayil, amma tana ƙarfafa cewa mutum ɗaya ne.

Gyara na gaskiya yana wurin da takarda ta ƙaryata takarda: an rubuta farabiti alhali akwai umarnin da ya ɗaga shi kofur, an tsallake watannin da ya yi a fagen daga, ko an juya lambobi biyu wajen kwafa. Wanda ya fi kowanne wuya shi ne ranar haihuwa, don duk ofishin da ya ga an zo da ita tunaninsa na farko fansho ne.

Ina fayil ɗin yake, Landan ko nan?

Ku fara da nan. Takardun aikin sojojin da aka ɗauka a ƙasashen mulkin mallaka galibi a ƙasashen aka bar su, don haka ofishin ajiyar bayanan soja a Burma Camp, hedkwatar sojan Gana a Akra, shi ne matakin farko. Hukumar kula da tsofaffin sojoji, VAG, wadda dokar 2012 ta kafa, tana da ofisoshi a yankuna, kuma wasiƙar da ta bi ta hannunta ta fi saurin samun mai saurare. Akwai kuma gidan ajiyar tarihi na ƙasa, PRAAD.

Abin da ke Ingila, a gidan tarihin Kew, shi ne littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kowace rana a lokacin yaƙi. Na Bama suna rukunin WO 172. Ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma suna faɗin inda rundunarsa take a rana kaza. In fayil ya ce yana bataliya kaza, littafin kuma ya ce bataliyar tana kwarin Kaladan a wannan watan, hujja ta haɗu.

Kakanmu ya yi yaƙin Hitila. Wace minda ta cancance shi?

Ya danganta da inda aka kai shi da kwanakin da ya yi. Mindar yaƙi ta gama-gari, mai zagaye, da kan Sarki Joji na shida a gaba da zaki bisa dodo a baya, kwana 28 na cikakken aiki take nema tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 2 ga Satumba 1945. Ko wanda bai bar bariki ba ya same ta. Tauraron 1939 zuwa 1945 yana neman wata shida a fagen aiki, sai dai in rauni ko mutuwa suka katse. Tauraron Afirka na waɗanda suka shiga Arewacin Afirka ko Habasha, Somaliya, Iritiriya da Sudan ne a lokacin da ake gwabzawa a can. Zaman Afirka ta Yamma ba ya ciki, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sojojin Gwalkwas da suka yi yaƙin El Wak a Disambar 1940 da na Uaddara a 1941, duk a Gabashin Afirka, sun cancanci wannan tauraro. Daga nan filin wasa na El Wak da barikin Uaddara na Kumasi suka samo sunayensu.

Tauraron Bama kuma na wanda ya yi aikin yaƙi a Bama ne tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, ko da na kwana ɗaya, har da wasu sassan Bengal da Assam. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne namu a can, su suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Kada wani ya ce muku wai kakanku ɗan dako ne kawai. Waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin dazukan Arakan sojoji ne masu lamba, sharaɗin ɗaya ne.

In kun tarar da tauraro mai tsini shida a gida, ku dubi ƙyallen: ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefuna, na Bama ne, launin rairayi da ja a tsakiya, na Afirka. Amma taurarin da Ingila ta raba a wannan yaƙi ba ta buga musu suna ba, shi ya sa riƙe minda a hannu ba ya tabbatar da cewa ta wane ce.

Duk unguwa ta san ya ɗauko hafsansa daga cikin wuta. Ba za a ba shi lambar jarumta yanzu ba?

A nan amsar ba ta da daɗi. Mindar halartar yaƙi lissafi ce, wuri da kwanaki, ana iya tabbatar da ita ko bayan shekara 80. Ta jarumta kuwa sai kwamanda ya rubuta shawara a lokacin, da shaidun ido, ta bi matakai har a buga a Gazet na Landan. Ingila ta rufe ƙofar sababbin lambobin jarumta na wannan yaƙi tun wajen 1950, kuma al'adarta ba ta waiwayar abin da ya wuce shekara biyar. Na san wannan ƙa'ida ta fi cutar da baƙin soja, wanda jarumtarsa ta rataya a kan ko Baturen da ke kansa ya ga damar ɗaukar alƙalami. Amma haka abin yake.

Abin da ya rage shi ne a bincika ko an riga an ba shi, labarin ne bai iso gida ba. Yana faruwa, musamman da yake suna a rubuce ya sha bamban da na gida. Takardun shawarar suna Kew a rukunin WO 373, ana kuma neman su ta intanet. Rauni kaɗai kuma ba ya kawo minda a tsarin Ingila. Wannan tsarin Amurka ne.

Babana aikin kiyaye zaman lafiya ya je, ba yaƙin Bama ba.

Nasa ya fi sauƙi, domin takardu sababbi ne kuma abokan tafiyarsa da yawa suna raye. Sojojin Gana sun je Kwango a 1960, sun daɗe a Labanon, sun shiga Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, suna cikin 'yan kaɗan da suka tsaya a Ruwanda a 1994. Mindar Majalisar Ɗinkin Duniya a bisa al'ada kwana 90 na aiki take nema, kuma a can fagen ake yin faretin rataya ta. Wanda aka dawo da shi gida kafin faretin shi ne ya fi rasa tasa. A nemi jerin sunayen bataliyar da ta tafi, da ranar tashi da ranar dawowa, a rubuta ta hannun rundunar Gana.

Ɗana ya yi sojan Amurka, ya ce takardarsa ba ta nuna lambar fagen fama ba.

Wannan can Amurka zai bi, ba Burma Camp ba. Takardar sallamarsu ita ce DD 214, kuma kowane ɓangaren soja yana da kwamitin gyaran bayanai da ake kai wa ƙorafi da fom DD 149. Wa'adi shekara uku ne daga ranar da ya gano kuskuren, ko da yake kwamitin na iya ɗaga ƙafa. Za su nemi umarnin tura shi, rahoton abin da ya faru, da rantsuwar waɗanda suke tare da shi.

In sunan da ke kan kabari ko allon tunawa ne aka ɓata fa?

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ce ke da maƙabartar Christiansborg a Osu da ta Taukkyan kusa da Yangon, kuma tana gyara suna in an kawo takardun shaida. Ita da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa ba a yi wa dubban sojojin Afirka da Asiya na yaƙin farko adalci wajen tunawa da su ba.

Wani ya ce mu ba shi takardun da ɗan abin shan ruwa, ya san mutane a ciki.

Kada ku ba kowa takarda ta asali. A yi kwafe, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, asalin ya koma leda cikin akwati. Wasiƙa ta zama gajera: suna kamar yadda yake a fayil, lambar soja, abin da aka rubuta, abin da ya kamata a rubuta, da takardar da ta nuna haka. Ku kai kwafe biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi. In an yi shiru ya yi yawa, dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba ku damar tambaya a rubuce. In tsohon yana raye, yau ɗin nan a zaunar da shi a naɗi muryarsa: lambarsa, bataliyarsa, sunan samanjansu, da watan da jirgi ya tashi da su.