Ma'anar "rejim", kalmar da ke sa masu ciwon sukari kwana da yunwa

Duk shekara idan 14 ga Nuwamba ta matso, ranar ciwon sukari ta duniya, kalma guda ce ke cika rediyoyin Maradi: rejim. Mai gabatar da shiri ya ce a yi rejim. Mai tallan saiwa a kasuwa ya ce in ka sha nasa ka huta da rejim. Wanda aka faɗa wa jiya cewa yana da diyabet kuwa, ya dawo daga likita da takardar magani a aljihu, kafin magariba ƴaƴansa sun fassara masa: "Baba, an hana ka tuwo, an hana ka fura, an hana ka shinkafa." Sai a bar dattijo da dafaffen zogale da ruwan ɗaci.

Daga Faransanci muka ari kalmar, su kuma daga Latin, inda tushenta ke nufin jan ragamar abu da tafiyar da shi bisa tsari. Ita ce dai kake ji a labaran siyasa, rejim ɗin wane ya faɗi, na wane ya hau. Mulki ke nan. Mulkin da ba ya da aiki sai hani kuwa ba ya daɗewa, na ciki ma haka ne. Sati biyu ko uku mutum ya gaji, ya koma wa ƙwaryar furarsa a ɓoye, sukarin jininsa ya haura inda ya baro.

Rejim na mai ciwon sukari amsar tambaya uku ce: nawa za ka ci, yaushe, kuma haɗe da me. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo, dankali, duk sitaci ne, kuma hanji yana mai da sitaci sukari ko da harshe bai ji zaƙi ba. A nan ne abin haushin yake. Mutum ya daina sa sukari a koko, ya sha kwano cike yana ganin ya yi biyayya. Ko ya bar tuwon gero da Allah ya hore masa, ya kashe kuɗi a kan alkama ko acca, ya ci malmala uku wai abincin masu ciwon sukari ne. Malmala uku malmala uku ce, ko ta wane hatsi. Zuma fa? Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma jini ba ya tambayar ko daga amya ya fito ko daga kwali. Dabino ma cike yake da sukari.

Fura ta fi wuyar sha'ani, domin a nan ba abin sha ba ce kawai, ga mutane da yawa ita ce abincin rana. Geron da aka daka ya yi laushi aka dama da ruwa ba ya jimawa a ciki, shi ya sa furar da aka kwankwaɗe tsaye take ɗaga sukari da sauri fiye da tuwon da aka ci da miya. Cewa kada a ƙara taɓa ta magana ce ta wanda bai san gari ba. Abin da ke yiwuwa: a rage dunƙulen, a yawaita nono, kada a zuba sukari, a sha a hankali. Lemon kwalba ne ya cancanci hani na gaske, domin gwangwani ɗaya na 33 cl yana ɗauke da kusan giram 35, wajen ƙwayar sukari bakwai. Shayin fada ma a lissafa shi.

Kwanon abinci kuwa a raba shi da ido: rabi ganye, zogale, rama, kabeji, kuɓewa, kwata wake, kifi, ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Sau uku a rana, a lokacin da aka saba. A ƙara da tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako.

Haɗarin fassara rejim da yunwa yana fitowa ne idan magani ya shigo. Glucophage, ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin ciwon sukari, shi kaɗai da wuya ya kayar da sukari ƙasa, matsalarsa murɗar ciki da zawo a farko, shi ya sa ake shan sa tare da abinci. Amma ƙwayar Daonil da allurar insulin suna aikinsu ko an ci ko ba a ci ba. Wanda ya sha ƙwaya da safe ya tsallake kalaci, sukarinsa na iya sauka ƙasa da giram 0,70 a litar jini: zufa, rawar jiki, bugun zuciya, jiri, magana ta rikice. Maganin wannan, abin mamaki ga iyali, sukari ne. Ƙwaya uku a narka a ruwa ya sha, a sake awo bayan minti 15, in bai tashi ba a maimaita, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi likita. Mai irin wannan magani ya ga lokotoro tun kafin watan azumi ya kama.

Hanyar gane ko rejim ɗinka na aiki ita ce awo, ba ɗacin abin da ka sha ba. Ga yawancin manya, ana son awon safe kafin a ci komai ya tsaya tsakanin 0,80 da 1,30, awa biyu bayan abinci kuma ƙasa da 1,80. Sai dai a kula da na'urar. Takardun nan Nijar da giram a lita suke rubutu, wanda ya yi awo a Katsina kuwa yana iya dawowa da 7 ko 126, hankalin gida ya tashi. Duka ukun, 1,26 da 126 da 7, awo ɗaya ne, shi ne iyakar da ake tabbatar da ciwon a awon safe. Don mayar da awo zuwa giram a lita, in na'urar irin mai nuna 126 ce, raba da 100. In irin mai nuna 7 ce, ninka da 0,18.